Tsarabar Biyetnam: Yadda Ake Gane Aikin Hannu a Cikin Tarin Kaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Biyetnam muka nufa, kuma kasuwa za mu shiga.

Duk wanda ya je ƙasar nan, ko yawon buɗe ido ya kai shi, ko karatu, ko fatauci, idan ranar dawowa ta matso sai ya fara tunanin tsaraba. Kaya kuwa ga su nan har sun yi yawa. Sai dai da dama daga abin da ke rataye a shagunan baƙi inji ne ya yi su, wasu ma daga Caina aka tsallako da su. Aikin hannun mutanen ƙasar yana nan, mai kyau ƙwarai, amma sai wanda ya san yadda ake dubawa yake samunsa. Abin da za mu koya ke nan.

Kafin mu taɓa kaya, ku dubi kuɗin. Sunansa dong, kuma dalar Amurka ɗaya ta haura dong 25,000, don haka sifili zai yi ta ruɗa ka. A kula musamman da takardar 500,000 da ta 20,000. Dukansu launinsu ya karkata ga shuɗi, kuma da daddare a cikin gaggawa mutum kan miƙa babbar a maimakon ƙaramar. Ka raba musu aljihu.

Wannan ita ce tsohuwar unguwar Hanoi, babban birnin ƙasar, kusa da tafkin Hoan Kiem. Ana ce mata unguwar tituna 36, domin a da kowane titi da sana'arsa. Hang Bac na maƙeran azurfa ne, har yau ana sayar da zobba da sarƙoƙi a wurin. Hang Gai ya shahara da siliki. Hang Ma kuwa kayan takarda ne da fitilu, ja da ruwan zinariya ko'ina. Yawo a nan da daɗi, kuma wuri ne mai kyau na sanin farashi. Amma yawancin masu yin kayan ba a nan suke ba. Suna ƙauyukan da ke kewaye da birnin, kowane ƙauye da abin da ya gada. A ganina, wanda ke da kwana ɗaya na sayayya gara ya kashe shi a can.

Mu fara da abin da ya fi burge ni a duk kayan ƙasar, wato kayan shafe masu sheƙi da suke kira "son mai" da harshensu. Ku dubi wannan faranti baƙi mai sheƙi. Ba fenti ba ne. Ƙaron wata bishiya ne da ake nomawa a yankin Phu Tho, arewa da Hanoi. Ana tsaga jikinta a tari ruwan da ke fitowa, kuma ɗanyensa yana sa ƙaiƙayi da kumburi, shi ya sa aikin yake buƙatar wanda ya saba. Mai sana'ar zai ɗauki katako ya naɗe shi da ƙyalle, ya shafa ƙaron da aka kwaɓa da laka mai laushi, ya ajiye. Abin mamaki, wannan ƙaro ba ya bushewa a rana, sai a wuri mai laima. Idan ya bushe a goge shi da ruwa har ya yi santsi, a sake shafawa, a sake jira, a sake gogewa. Kaya mai kyau yakan sha shafi fiye da goma, kuma yakan ɗauki watanni.

Ku matso ku ga farin nan da ke jikin zanen. Ɓawon ƙwan agwagwa ne. Ƙaron yana rinjayar farin launi ya dusashe shi, sai masu sana'ar suka koma ga ɓawon ƙwai: a ɗora shi a kan ƙaron tun yana da danshi, a danna shi a hankali ya tsattsage, ƙananan layukan tsagar su zama ado. Wani wurin a sa ganyen zinariya ko na azurfa a ƙasa, a rufe da ƙaro, sannan a goge har hasken ya ɓullo daga ciki. Gugar ƙarshe da tafin hannu ake yinta da garin gawayi. Wannan sana'a tsohuwa ce, amma ta zama hanyar zanen hoto ne bayan da Faransawa suka buɗe makarantar zane a Hanoi a 1925, inda ɗalibai irin su Nguyen Gia Tri suka ɗauke ta daga jikin akwatuna da gumakan ɗakin ibada suka mai da ita allon zane.

To yaya za ka gane na gaske? Ka shinshina. Na arha da aka fesa wa fentin kanti yana warin sinadari, kuma ƙyallinsa a sama yake tsaye kamar leda. Na gaske idan ka juya shi a haske za ka ga launin yana da zurfi. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: Biyetnam ƙasa ce mai laima, mu kuwa muna da hunturu. Idan katakon da ke ciki bai bushe sosai ba kafin a shafe shi, iskar hunturu za ta tsaga shi. Don haka ka tambayi abin da ke ciki, ka guji mai arhar da ta wuce hankali, kuma kada a zuba abinci mai zafi a wanda ba ka tabbatar da shi ba. Ƙauyen Ha Thai, kudu da Hanoi, shi ne gidan wannan aiki.

Sai siliki. Ƙauyen Van Phuc bai wuce tafiyar kilomita 10 daga tsakiyar Hanoi ba, kuma tun daga bakin hanya za ka ji ƙarar masaƙa. Ko a can ma akwai gauraye, don haka ka roƙi mai shago ya zare maka zare ɗaya daga bakin yadin ya ƙona. Siliki na gaske yana warin ƙonannen gashi, kuma tokarsa tana murƙushewa tsakanin yatsu. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Mai kaya na gaske ba ya jin haushin wannan gwaji.

Idan ɗinki kake so, Hoi An za ka nufa, tsohon garin tashar jiragen ruwa da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Teloli sun cika garin, kuma za su ce maka gobe kayanka sun fito. Suna iyawa. Amma ɗinkin dare ɗaya ɗinkin gaggawa ne. Ka ba su kwana uku, ka je gwaji sau biyu, ka ba da kafin alƙalami kawai, sauran sai ka juya rigar ka duba shafi da bakin ɗinki. Suna da gwanintar kwaikwayo, saboda haka wanda ya tafi da kaftaninsa ko doguwar rigarta da ta zauna mata daidai, ya miƙa a matsayin samfur, ya fi wanda ya tsaya kwatance da baki. 'Yan uwa mata, ga tunatarwa game da ao dai, rigar gargajiyarsu mai tsawo da ake sawa a kan wando: yadda suke ɗinka ta tana kama jiki, kuma tsagar gefenta tana kaiwa har ƙugu. Mai son ta saki sai ta faɗa tun wajen awo. Kafin ka bar garin ka ɗauki fitilunsu na gora da siliki, suna naɗewa su shiga akwati ba wahala.

Malafar nan mai tsini da kowa ya san ƙasar da ita, non la, ana samunta ko'ina. Amma ta birnin Hue daban ce. Ɗaga ta sama ka fuskanci rana. Ka gani? Tsakanin ganyen sama da na ƙasa an ɓoye baitin waƙa ko hoton gada, ba ya fitowa sai haske ya ratsa.

Yanzu mu hau duwatsun arewa, wajen Sapa, kusa da iyakar Caina. Biyetnam tana da ƙabilu 54, kuma a nan za ka haɗu da Hmong da Dao. Matan Hmong su ke noma shukar da suke samun zare, su kaɗa, su saƙa, su rina da baba. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane aikin nan da kallo ɗaya: tsomawa, fitarwa, barin iska ta juya koren ya koma shuɗi, a sake tsomawa har ya yi baƙi, sannan a goge yadin da dutse ya ɗauki sheƙi irin wanda bugu ke ba rawani. Zanen da ke jiki kuwa da narkakken kakin zuma ake yinsa kafin rini, inda kakin ya taɓa shuni ba ya kamawa. Idan ka ga hannun mai sayarwa ya yi shuɗi har wuyan hannu, alama ce mai kyau. Kuma ka sani yadin zai zuba, ka wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi.

Matan Dao masu jan ɗankwali surfani suka ƙware a kai, kuma ta bayan ƙyallen suke ɗinkawa suna ƙirga zare, adon yana fitowa ta gaba. Don haka kullum ka juya bayan kaya. Aikin hannu yana da 'yar karkata nan da can, na inji kuwa kowane fure tamkar ɗan uwansa. Kasuwar Bac Ha da ke ci ranar Lahadi wuri ne mai kyau. Roƙona ɗaya: ka saya a hannun manya. Za ka ga ƙananan yara suna talla har dare cikin sanyi, kuma duk sayen da aka yi a hannunsu ƙarin dalili ne na hana su zuwa makaranta. Wanda bai samu hawa dutsen ba, a Hanoi akwai shagon Craft Link kusa da tsohon wurin ibada na Van Mieu, wanda ke aiki da masu sana'a na ƙananan ƙabilu.

Tangaran kuwa Bat Trang ne, a bakin Jan Kogi, ƙauyen da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana gasa yumɓu. Ƙwanƙwasa kofi da farce, mai kyau zai yi ƙara siririya, mai tsaga muryarsa a dushe take. Jera biyu ka duba zanen, idan hannu ne ya ja shi ba za su zo daidai ba. Akwai kuma hotunan Dong Ho da ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako a kan takarda mai ɗan ƙyalli na garin ɓawon katantanwar teku. Ba su da nauyi, ba su da tsada. Ka dai duba zanen kafin a naɗe maka, domin alade yana cikin hotunan da suka fi yawa, kuma ba kowane gida za ka kai shi ba.

Batun ciniki ba sai an koya wa Bahaushe ba. A kasuwar Ben Thanh ta birnin Ho Chi Minh, wadda ginin ta na yanzu ya fara aiki a 1914, farashin farko da za a faɗa wa baƙo yakan ninka na gaskiya. Ka taya ƙasa, ku yi ta miƙa wa juna kalkuleta, fuska a sake. Idan ba a sallama ba ka yi gaba, sau da yawa za a kira ka. Abu ɗaya da ya kamata ka sani: 'yan kasuwarsu suna ɗaukar cinikin farko na safe da muhimmanci, suna ganin shi ke buɗe ranar. Wanda ya zo da sassafe ya ɗaga kaya, ya taya, ya tafi bai saya ba, ya ɓata musu rai sosai. In kallo ka zo yi, bari rana ta ɗaga. Kuma ni dai ina ganin ƙwaƙwar ciniki a Ben Thanh take da wuri. Matar da ta yi wata guda tana surfani ɗaya, in ta faɗi kuɗinta, kada ka matse ta a kan abin da bai kai kuɗin shayinka ba.

Na ci da sha a taƙaice. Biyetnam ce ta biyu a duniya wajen noman kofi bayan Birazil, in ka saya ka haɗa da ɗan matacin ƙarfen da suke ɗorawa a kan kofi, phin. Masoron tsibirin Phu Quoc yana da ƙamshi. Kashu ma akwai, kuma ba mamaki wanda ka saya daga gonakin Najeriya ya fito, domin Biyetnam tana sayen ɗanyensa da yawa daga Afirka ta Yamma ta fasa ta sarrafa.

Masu son turare za su tambayi icen ud, kuma na yankin Khanh Hoa ya yi suna. A nan sai an yi hattara ta fuska biyu. Akwai jabu, icen banza da aka jiƙa da mai, don haka a ɗora ɗan ɓarɓashi a kan garwashi ka ji da hancinka. Sannan bishiyar tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Ɗan kaɗan na amfanin kai daban, amma mai niyyar sari dole ya nemi takardar izini.

Akwai abin da ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa: hauren giwa, da awarwaro ko matajin ƙoƙon kunkurun teku. Laifi ne a can, laifi ne a inda za ka sauka. Kayan tarihi na gaske doka ta hana fitar da su ba izini, saboda haka in ka sayi sabon abu da aka yi masa kamar tsoho, ka karɓi rasit da ke nuna sabo ne, don kada kwastan su riƙe shi. Su kuma ƙyastu da lambobin wuyan sojojin Amurka da ake cewa ragowar yaƙi ne, mafi yawansu ƙirar jiya ne.

Wajen haɗa kaya, naɗe tangaran cikin tufafinka a tsakiyar akwati, ka cusa safa a cikin kofuna. Yadin baba ya shiga ledarsa shi kaɗai, nesa da fararen kaya. Hotuna a naɗe su cikin bututun kwali. Malafa a hannu ake riƙe ta. Idan kuma ka kashe dong miliyan 2 ko fiye a shago ɗaya da ke cikin tsarin mayar wa baƙi haraji, ka nemi takardar tun a shagon da fasfonka, sannan ka isa filin jirgi da wuri, domin kwastan za su so ganin kayan kafin ka auna akwatinka.