Soul to Soul: Daren da Mawaƙan Amurka Suka Kwana Waƙa a Accra

Ranar 6 ga Maris, 1971, Ghana ta cika shekara 14 da samun 'yancin kai. Kwame Nkrumah, shugaban ƙasar na farko, yana gudun hijira a Gini tun bayan juyin mulkin 1966, Kofi Busia ne firaminista. A ranar ce dandalin Black Star da ke bakin teku a Accra ya cika ya batse, ana kiyasin mutum wajen dubu 100, sun zo ganin mawaƙan da a da sai dai su ji muryarsu a faifai ko a rediyo.

Jirgi guda aka cika daga Amurka. Akwai Wilson Pickett, da Ike da Tina Turner, da Roberta Flack, da Staple Singers, da Santana, da Les McCann da Eddie Harris, har da yaran Voices of East Harlem. Aka kwana ana abu ɗaya, wajen awa 14, sai da gari ya waye. An ɗauki bikin a fim, Denis Sanders ne ya ba da umarnin ɗaukarsa, aka sa masa suna Soul to Soul.

To, wa jama'a suka fi ɗokin gani? Pickett. A lokacin samarin Accra sun haddace waƙoƙinsa, in ka cire James Brown babu wanda suke ji da shi kamarsa. Ku dubi yadda ake tarbarsa tun daga filin jirgi. Ku kuma dube shi a kan dandamali, gumi sharkaf, 'yan kallo suna hawowa suna taka rawa tare da shi.

Amma a ganina, ba a kan dandamali fim ɗin ya fi nauyi ba. Akasarin baƙin nan jikokin bayi ne, kuma yawancinsu wannan ne karon farko da suka taka ƙasar Afirka. Kyamara ta bi su cikin gari da ƙauye, ta kuma leƙa tsohon gidan da ake tsare bayi a gabar teku kafin a loda su a jirgin ruwa. A nan ake jin muryar Roberta Flack ita kaɗai, babu kiɗa ko ɗaya a bayanta. Abin takaici, da aka sake fitar da fim ɗin a faifan DVD a 2004, an cire wasanta bisa buƙatarta.

Inda na ga gazawar masu fim ɗin shi ne 'yan gida. Mawaƙan Ghana ma sun yi wasa a wannan biki, cikinsu har da fitaccen makaɗi Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, amma rabon da aka ba su a fim ɗin bai taka kara ya karya ba. Wanda ya samu shiga sosai shi ne Amoah Azangeo, mutumin arewacin Ghana, da ya hau da gorarsa yana kaɗawa, yana juya ta yana cafewa, McCann da Harris suna biye da shi da fiyano da saksafon. In kun samu fim ɗin, ku tsaya a wannan wurin ku maimaita.