Dunganstown, yankin gonakin da bai manta da nasa ba

Assalamu alaikum. Malam Shugaba, iyayenmu maza da mata, malamai, yayye da ƙanne, barkanmu da taruwa.

An ba ni 'yan mintuna in yi bayani kan wurin da muke shirin kai yaranmu ziyara, wato Dunganstown a gundumar Wexford, kudu maso gabashin Ayilan. Kada kowa ya sa ran ganin gari. Ƙaramin yanki ne na gonaki da tsirarun gidaje kusa da kogin Barrow, ba nisa daga New Ross. Ƙasar nan tana da irin waɗannan yankuna fiye da 60,000, kowane da sunansa da iyakarsa, kuma har yau mutumin karkara da shi yake faɗin inda ya fito.

A 1845 wata cuta ta afka wa dankalin Turawa, abincin da talakan Ayilan ya dogara da shi. Manomi ya tona kunya ya tarar da dankalin ya yi baƙi ya ruɓe, ga kuɗin hayar gona mai ƙasa yana jira. Kafin 1852 kusan mutum miliyan ɗaya sun mutu saboda yunwa da cututtuka, wasu kamar haka sun tsallaka teku. Cikinsu akwai wani saurayi ɗan Dunganstown, Patrick Kennedy. Ya sauka Boston ta Amurka a 1849, ya kama sana'ar haɗa gangunan katako, ya auri Bridget Murphy. Ya rasu a 1858, ya bar mata da ƙananan yara. Bai sake taka gida ba.

Tattaɓa-kunnensa shi ne John F. Kennedy. Tun a 1947, yana matashin ɗan majalisa, ya zo neman gidan kakanninsa. Ranar 27 ga Yuni 1963 ya dawo a matsayin Shugaban Amurka, wata 'yar danginsa Mary Ryan ta tarbe shi, aka jera tebur a tsakar gidan gona aka sha shayi. Watanni biyar bayan nan aka harbe shi a Dallas.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda, bayan shekaru fiye da ɗari, zuri'ar baƙon da ya mutu talaka ta riƙe sunan wani ɗan lungu, waɗanda suka rage a gida su ma suka riƙe gonar. Har gobe dangin ne ke nomanta, kuma tun 2013 akwai ɗakin tarihi a wurin.

Iyayena, mu ma baƙi ne a nan Ayilan. Tambayi yaron da aka haifa a Dublin ko Cork daga ina babansa yake, zai ce Najeriya ko Nijar, in ya yi ƙoƙari ya ce Kano ko Maraɗi. Ƙauyen fa? Unguwar fa? Wa ya haifi kakansa? Wannan ya dame ni ƙwarai.

Shawarata, kafin ranar tafiya kowane gida ya kira wani dattijo a waya, a rubuta sunan ƙauye da unguwa, sunayen kakanni da sana'arsu, a ba yaro takardar ya riƙe. A hanya za mu tsaya a New Ross su shiga Dunbrody, kwatankwacin jiragen ruwan da suka kwashi mutane lokacin yunwar. Masu son zuwa su ba Sakatare sunayensu bayan an tashi.

Allah Ya raya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.