Tauna da Ƙwaƙwalwa: Lacca Kan Alaƙar Muƙamuƙi da Tunani

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa cin karo da tsakuwa a cikin shinkafa ya san cewa bakinsa kan tsaya cak tun kafin ya gane abin da ya faru. Dalili shi ne, kowane haƙori yana ɗaure a gurbinsa da wasu siraran zaruruwa masu jin matsi, su kuma suna aika saƙo ta jijiya ta biyar daga cikin tagwayen jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa kai tsaye. Wannan jijiya ce kuma ke juya tsokar muƙamuƙi. Tun a 1937 likitan tiyata Wilder Penfield ya nuna a Kanada cewa leɓe da harshe da muƙamuƙi sun mamaye fili mai faɗi a ƙwaƙwalwa, wanda ya zarce girmansu a jiki nesa ba kusa ba.

To, idan turame suka zube, saƙon ya ragu, me ke samun ƙwaƙwalwa? A 1999 Minoru Onozuka da abokan aikinsa a Japan sun cire wa tsofaffin ɓeraye turame, sannan suka saka su a cikin ruwa domin su nemo wani ɓoyayyen dandamali da za su hau. Waɗanda aka yi wa cirar sun fi 'yan uwansu jinkirin koyon hanya, kuma da aka duba sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abin da aka koya, wato hifokamfas, sai aka tarar ƙwayoyinsa sun ragu.

A kan ɗan Adam kuwa, a 2021 masana a Jami'ar New York sun tattara bincike 14 da suka ƙunshi mutane sama da 34,000, inda suka ga cewa haɗarin ciwon mantuwa ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari ga waɗanda suka fi asarar haƙora. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wannan alaƙa ta yi rauni ga masu sanye da haƙoran roba.

A nan ne nake so mu yi hattara, domin ganin abu biyu tare bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Dattijon da mantuwa ta fara kamawa shi ne zai fara barin asuwaki, ka ga ke nan ciwon ne ya cinye haƙoran. Talauci da shan taba da ciwon suga duk suna lalata baki, suna kuma taɓa ƙwaƙwalwa. Ga batun abinci: tsohon da sai an goge masa goro a magogi ya riga ya yi sallama da nama da gyaɗa, ya koma kunu da koko. Akwai ma masu zargin kumburin dasashi, tun da a 2019 an ba da rahoton samun alamun ƙwayar cutarsa a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar Alzaima, wato wani nau'in ciwon mantuwa.

Saboda haka, wanda ya ce muku gyaran cizo, wato daidaita yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, yana warkar da mantuwa ya yi gaban hujja. A ganina, iyakar abin da binciken ya ba mu shi ne dalilin da zai sa a nemi cike turmin da ya rube kafin a yarda a cire shi, idan kuma cirar ta zama dole, a mayar da gurbinsa.