Ba Sayar da Shi Aka Yi Ba: Yadda Lorenzo Alexander Ya Zaga Ƙungiyoyi Shida

Assalamu alaikum jama'a. Duk ƙarshen watan Agusta tambaya ɗaya ake ta aiko mana: wai ƙungiyar ƙwallon Amurka ta saki ɗan wasa yau, jibi an gan shi sanye da rigar wata ƙungiyar, to nawa aka saye shi? Ko sisi ba a biya ba. Mu da muka taso da kallon Firimiya, da zarar ɗan wasa ya sauya riga sai mu fara lissafin miliyoyin fam. A gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ba haka abin yake ba, kuma labarin wani ɗan wasa zai warware mana shi.

Sunansa Lorenzo Alexander. Lainbaka ne, wato mai tsaron da ke tsayawa a bayan ƙattan layin gaba. Aikinsa ya tare mai gudu da ƙwallo, ya bi mai karɓa, wani lokaci kuma ya kutsa ya kayar da mai jefawa. Wannan ya ishe mu, mu wuce.

A 2005 ya gama Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Aka yi zaɓen sababbin 'yan wasa zagaye bakwai, ƙungiyoyi 32, babu wadda ta kira sunansa. Carolina Panthers ce ta ɗauke shi daga baya. A lokacin ma ba lainbaka ba ne, ƙaton ɗan layin gaba ne mai nauyin kusan kilo 140.

To ku gyara zama, nan ne inda ake rikicewa.

Kowace ƙungiya tana shiga sansanin atisaye da 'yan wasa har 90. Kafin a fara kaka dole ta rage su zuwa 53. Ku lissafa 37 sau 32: mutum fiye da 1,000 ke rasa gurbi cikin 'yan kwanaki. Kuma yawancin kwantiragin NFL ba a lamunce biyansu gaba ɗaya ba. In an sallame ka, abin da ba a lamunce ba ya bi ruwa.

Amma sallamar kala biyu ce. Idan ɗan wasa bai cika kaka huɗu a gasar ba, ba ya da ikon ɗaukar jakarsa ya tafi inda ransa ke so. Sunansa ake sakawa a wani layin jira, galibi na awa 24, sauran ƙungiyoyi 31 su duba. Duk wadda ke so sai ta miƙa buƙata, ta gaji kwantiraginsa yadda yake. In biyu suka nema, wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ake ba, don a taimaki mai rauni. Yaron ba a tambayarsa. Yana iya kwana a Carolina, ya wayi gari an ce jirginsa na Seattle zai tashi da la'asar.

Idan babu wadda ta nema, ya zama mai zaman kansa, kuma a nan ne ƙofa ta biyu ke buɗewa: rukunin 'yan atisaye. Suna zuwa atisaye kullum, suna kwaikwayon abokan hamayyar mako don manya su gwada dabarunsu a kansu, suna shan karo iri ɗaya, amma ranar Lahadi ba da su ake fita ba, sai in an ɗago mutum na musamman. Mako-mako ake biyansu. A zamanin Alexander mutum takwas ne kacal a rukunin, yanzu an faɗaɗa shi zuwa 16. Kuma kowace ƙungiya na iya zuwa ta ɗauke ɗan atisayen wata, muddin za ta sa shi cikin 53 ɗinta, ba tare da ta biya tsohuwar ƙungiyar komai ba.

Shi kuwa tsohon hannu da ya cika kaka huɗu, in aka sallame shi a Agusta, nan take yake zaɓar inda zai je. Musayar 'yan wasa akwai ta, amma da wani ɗan wasan ko da gurbin zaɓe ake yi, ba da jakar kuɗi ba.

Alexander ya ɗanɗana duka biyun. Kakar 2005 ɗan atisaye ne a Carolina. A 2006 ya leƙa Baltimore Ravens na ɗan lokaci, sannan Washington, ƙungiyar da yanzu ake kira Commanders. Shekara biyu cur bai buga wasan gasa ko ɗaya ba. Ni dai wannan ne ya fi taɓa min zuciya: ka sha karo Laraba, Alhamis, Juma'a, ranar wasa kuma kana tsaye a gefe da kayan gida.

Daga 2007 ya fara shiga fili, kuma duk inda aka ga giɓi nan ake cusa shi, yau layin tsaro, gobe layin kai hari. Har laƙabi aka yi masa mai nufin mutum ɗaya tamkar runduna. A 2010 koci Mike Shanahan ya sauya tsarin tsaro, Alexander ya koma lainbaka, ya yi ta zubar da nauyi har ya sauko wajen kilo 110. In ka ga hotonsa na da da na bayan ya rage nauyi, wallahi sai ka ce wa da ƙani. Abin da ya riƙe masa gurbi shi ne rukunin bugun ƙafa, masu sheƙawa da gudu su tari mai dawo da ƙwallo, aikin da taurari ba sa so. Da shi ya samu gayyatar Pro Bowl, wasan zaratan gasar, a kakar 2012.

Sai Arizona Cardinals a 2013, rauni a ƙafa ya cinye masa kusan dukan kakar. A 2015 suka sallame shi, kuma tunda yanzu tsohon hannu ne, da kansa ya zaɓi Oakland Raiders.

A 2016 Buffalo Bills ta ba shi kwantiragin shekara ɗaya, yana dab da cika shekara 33, ana sa ran bugun ƙafan dai zai yi. Waɗanda ke gabansa suka ji rauni, aka ce Lorenzo, bismillah. Sai ya shiga kayar da masu jefa ƙwallo. Sau 12 da rabi ya yi a kakar, rabin nan kuwa na wanda suka kayar su biyu ne aka raba. Ya koma Pro Bowl, aka zaɓe shi gwarzon masu tsaro na wasan a Orlando cikin Janairun 2017. A Buffalo ya zauna har Janairun 2020, lokacin da Houston Texans ta fitar da su daga gasar. Ya bar fili a ranar, lamba 57 a bayansa, kuma daga nan ya ajiye kwalkwali.