Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar auna zurfin ruwa ta rikice

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙar farko daga wani mai sauraronmu ce da ya sayi tsohon jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, ya ce jirgin ya haura shekara 30. Na'urar auna zurfi ce ta hana shi sakat, yanzu ta nuna mita 8, kafin ka ƙifta ido ta koma 1.2, can kuma ta haye 40. Shine yake tambaya, ta mutu ne ya sayi sabuwa?

Toh Malam dakata tukuna, kar ka taɓa aljihu. Sau da yawa allon da kake kallo lafiyarsa ƙalau, matsalar tana can ƙasa. Akwai wani ɗan abu manne a gindin jirgi, masu gyara na ce masa taransidusa, shi ne baki shi ne kunne. Yana harba sauti ƙasa, yawanci kilohaz 200, wato kaɗawa dubu 200 a daƙiƙa ɗaya, sautin ya bugi ƙasan ruwa ya dawo, na'urar ta lissafa lokacin. Sauti a ruwan teku yana cin kusan mita 1500 a daƙiƙa ɗaya, kaga in zurfin mita 15 ne zuwa da dawowa daƙiƙa 0.02 ce kacal, abu kaɗan ya shiga tsakani sai lissafi ya watse.

Abinda nake so ka lura da shi shine yaushe take rikicewa, don nan amsar take. In jirgi na tsaye tana aiki daidai amma da ka tada inji ta fara hauka, wuta ce. Altaneta da wayoyin inji suna fidda hayaniyar lantarki, in wayar taransidusa ta bi ta gefensu sai ta kwashe, ka raba musu hanya. Ka kuma sa mitar auna wuta a bayan allon kansa ba a kan batir ba, batir mai bolt 12 in ya cika yana nuna wajen 12.6, in a batir ka ga haka amma a allo ka ga 11 da ɗan abu, to akwai inda tsatsa ta ci. Zare fulogin ka haska da tocila, in ka ga wani koren gari-gari a ƙarafunan ga ɓarawonka nan, goge shi tas ka mayar. Kuma dan Allah kar ka yanke wayar nan don ta yi tsawo, naɗe ta kawai.

In kuwa sai iska ta yi ƙarfi jirgi ya karkata take ɓata, wannan ai halin jiragen iska ne. Sautin siriri ne kamar hasken tocila, jirgi na kwantawa gefe guda sai ya haska gefe maimakon ƙasa, ga kumfa na bi ta ƙarƙashi, shi kuma sautin nan ba ya shiri da iskar da ke cikin kumfa ko kaɗan. Haka in ka ratsa bayan wani jirgi mai inji ko ka ja da baya, za ta ɗan ruɗe ta dawo.

Wadda ta fi yawa a tsohon jirgi ita ce rikicewa ba dare ba rana. Ka duba ya aka ɗaura taransidusar. Wata an huda jirgin fuskarta na cikin ruwa, irin wannan gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo suke mannewa a kai, ko an yi ta shafa mata fenti shekara da shekaru har ya yi kauri, a wanke a hankali kar a karce fuskar. Wata kuma daga ciki take, zaune a ɗan kofi mai mai ko an liƙa ta da gam a jikin jirgin da aka yi da faiba, wato robar nan mai ƙarfi, kuma wallahi sau da yawa man ne ya tsiyaye ko gam ya ɗago iska ta shiga. Gwajinsa ba wuya, ciro ta ka sa a leda mai ruwa, ka jiƙa wurin ka danna ledar a ƙasan jirgi, in lamba ta tsaya cak ka gane. Kana iya kara kunnenka ma na'urar na kunne, mai rai za ka ji tana ƙas-ƙas-ƙas a hankali. In shiru kuma waya lafiya wuta lafiya, a nan ne zan ce ka fara tunanin sabuwa.

Kafin ka gama gyaran nan ka samu igiya mai nauyi a baki, ka yi mata ƙulli duk mita ɗaya don ka riƙa auna zurfi da hannu. Ina roƙonka kar ka shiga wurin da ba zurfi kana dogara da lambar da kai kanka ba ka yarda da ita ba, rai ne a cikin jirgin.

Wata 'yar'uwa kuma ta rubuto cewa tasu tana nuna mita 3 alhali suna tsakiyar teku. Hajiya wannan in zurfi ya fi ƙarfinta ne, ba ta jin ƙasa sai ta kama abinda ta samu, garken kifi ko inda ruwan ɗumi ya hau kan na sanyi. Ku duba taswirarku, in kun dawo kusa da gaɓa ta koma daidai to ba abinda ya same ta.