Bayan dabba ta faɗi: yadda mafarautan Amurka ke fito da nama daga ƙungurmin daji

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Aminu kamar kullum, sai kuma Malam Sani da ke zaune a jihar Idaho ta Amurka. Malam, barka da dare, ko da yake can wurinku rana ce.

Malam Sani: Barka kadai Hajiya. Hantsi ma bai gama ba a nan.

Aminu: Malam, ni abin da ya ɗaure mini kai, na ga hoton wani mafarauci yana tura amalanken hannu a kan dutse, nama maƙil a kai. Ƙasar da kowa ke da mota, me ya kai shi?

Malam Sani: Ai inda dabbar take, mota ba ta zuwa. Ka ɗauki dabbar da suke kira elk, dangin barewa ce, amma girmanta ya kai na gwanki ko ya fi. Babban namiji yakan haura kilo 300. A Idaho da Montana da Kolorado tana can cikin tsaunuka, kuma hanyoyin da ke shiga dajin gwamnati da yawa an datse su da ƙofar ƙarfe. Nan za ka ajiye mota ka taka. In ka harbe ta a wuri mai nisan kilomita biyar daga motar, to yanzu aiki ya fara.

Bilkisu: Ba ɗungurungum ake ɗauko ta ba ke nan.

Malam Sani: Ina! A nan inda ta faɗi ake fiɗa. A cire cinya biyu, hannu biyu, naman gadon baya, na wuya da na haƙarƙari. Kowanne a zura shi a buhun yadi mai shan iska, saboda ƙuda da ƙasa. Ba a sa leda, gumi zai yi ya lalace. Kuma gaggawa ake, musamman a watan Satumba, lokacin masu farauta da kwari da baka, da sauran zafi. Cinya ce ke fara ruɓewa daga ciki, wajen ƙashi, don nan zafin jiki ke daɗewa.

Aminu: To amalanken fa, yaya yake?

Malam Sani: Iri biyu ne. Akwai mai taya biyu, shi ya fi a tsohuwar hanyar masu yankan katako, mai faɗi. Ba ya kifewa, mutum ɗaya ma zai ja shi. Akwai mai taya ɗaya a tsakiya, da mariƙi gaba da baya, mutum biyu ke riƙewa. Shi ne na siririyar hanya da gefen tsauni. Sirrin yana wajen ɗauri: a ɗora cinyoyi daidai kan taya, a ja igiya tamau. In kaya ya karkata gaba, hannunka ne zai ɗauka, ba taya ba.

Bilkisu: Ni da na zaci hawa ne wahalar.

Malam Sani: Gangara ta fi haɗari, Hajiya. Kilo 100 na nama a kan taya, a gangare, in babu birki shi zai ja ka. Shi ya sa masu kyau ke da birki irin na keke. Sannan ga itatuwan da suka faɗi suka tare hanya. Nan dole a sauke, a tsallake, a sake ɗaurawa.

Aminu: Amma duk da haka ya fi ɗauka a baya.

Malam Sani: Nesa ba kusa ba. Abin da mutum ɗaya zai yi ta safa da marwa a kansa da jakar baya, amalanke zai iya kwashewa a sawu ɗaya ko biyu. Sai dai ba ko'ina doka ta yarda ba. A 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar keɓe wasu dazuzzuka, kuma yau sun haura eka miliyan 100. A cikinsu, kamar dajin Bob Marshall na Montana ko Frank Church a nan Idaho, an yarda ka yi farauta, amma abin hawa ko na dako mai taya bai shiga. Ba keke, ba amalanke. Sai bayanka, ko doki da alfadari.

Aminu: Wannan kam ban gamsu ba. Doki yana ɓata hanya fiye da taya ɗaya. Kuma wa ke da kuɗin hayar dawakai? Talaka aka matse.

Malam Sani: Akwai mafarauta a nan da ke faɗin haka. Ni dai ina tare da dokar. In ka bar amalanke yau, gobe mai keke zai ce saura shi, jibi mai keken lantarki. Wahalar shiga ita ke rage cunkoso a wurin.

Bilkisu: To in mutum ya ga ba zai iya fito da naman ba, ya ɗauki ƙaho ya tafi fa?

Malam Sani: Laifi ne babba. Jihohin nan suna hukunta wanda ya bar nama ya lalace. A Alaska ma ba ka isa ka fito da ƙaho ba sai nama ya riga shi, ko su fito tare a sawun ƙarshe, kuma hukuncin zai iya kaiwa ɗauri. Shi ya sa tun kafin ka ɗana harsashi kake lissafin nisa, da zafin rana, da hannun da za su taya ka.

Aminu: Naman da aka bari kafin a dawo sawu na biyu, ba abin da ke taɓa shi?

Malam Sani: A yankin da ke kewaye da gandun dajin Yellowstone akwai beyar, wato wani ƙaton naman daji mai haɗari, kuma warin kayan ciki na jawo shi. Sai a janye buhunan nesa da wurin fiɗa, a rataye su a bishiya kamar mita uku sama, a inuwa. In ka dawo, ka tsaya daga nesa ka duba da tabarau mai hangen nesa tukuna. In ka ga an ja buhu ko an tona ƙasa an rufe gawar, kada ka matsa, ka juya da amalankenka ka sanar da jami'in gandun daji.