Ciwon sanyi da rashin haihuwar maza: gwajin da ya kamata a yi

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Na baya kuna jina ko? To madalla.

A Gomben nan in aure ya shekara ba ciki matar ake fara kallo, ita ce zaryar asibiti ita ce shan jiƙo, kafin ka ankara dangin miji sun fara maganar a ƙaro wata, alhali kusan rabin irin wannan matsalar akwai hannun namiji a ciki. Wallahi abin nan yana damuna.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ciwon sanyi, irin su gonoriya da klamidiya. Ƙwayoyin bakteriyarsa ta hanyar fitsari suke shiga, su gangara har bututun da ke bayan maraina inda iri yake nuna, su kumbura shi, in ya warke sai ya bar tabo, tabon ya toshe hanya. Mutum yana kawowa lafiya lau amma ruwan ba iri a ciki. Gonoriya ita yawanci tana nuna kanta, ga mugunya ga zafin fitsari. Klamidiya kuwa sai ta daɗe a jikinka ba ka ji komai ba, kuma ita ce ba ta tsirowa a kalcar da aka saba yi a lab (gwajin da ake shuka ƙwaya a ga ko za ta tsiro), shi yasa mutum zai riƙo takarda yana cewa ai an gwada ni ba komai. Gwajin PCR, mai gano ƙwayar halittar cutar, shi yake kama ta, da fitsarin da ya fara fita, kuma ka yi kamar awa 2 ba ka yi fitsari ba kafin nan. Ku tambaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBUTH) a Bauchi, likitan mafitsara zai faɗa maku inda ake yi.

Sai gwajin maniyyi. Kwana 2 zuwa 7 ba kusantar iyali, a zuba a kwalbar lab ba kwaroron roba ba, ya isa cikin awa 1. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 aƙalla ƙwayoyin iri miliyan 16 ne a kowace mililita ta ruwa, in kuma fararen ƙwayoyin jini sun haura miliyan 1 a mililita to alamar kumburi ce, sai a nemo dalili.

Dan Allah kar a sha kafso kafin gwaji. Wanda ka saya a kemis ko wajen mai mota da lasifika zai iya ɓoye ƙwayar a gwaji bai kashe ta ba, ga gonoriya ta riga ta fara ƙin jin magunguna da yawa.

In an samu ƙwayar cutar, kai da iyalinka za a yi wa magani tare, mai mata uku duka ukun, a haƙura da juna kwana 7, in ba haka ba za ku yi ta maida wa juna. Gwajin maniyyin kuma sai bayan wata 3 za a maimaita, don sabon iri yana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya haɗu.